Yadda za ka noma inabi mai daɗi a ɗan ƙaramin fili

A yankin Burgundi na ƙasar Faransa akwai wata gonar inabi, Romanée-Conti, duk girmanta bai kai hekta 2 ba amma giyar da ake yi da ita tana cikin mafi tsada a duniya. Mu dai ba giya ce a gabanmu ba, ’ya’yan muke so mu sha, sai dai dabarar ɗaya ce: kurangar (wato itacen inabin) da aka rage wa kaya ita ke ba da ’ya’ya masu zaƙi. Kuma inabi na yi a wajenmu, ga manoman Kudan nan a jihar Kaduna.

Ka samo reshe daga kurangar da ka taɓa ɗanɗana ’ya’yanta, ka yanko mai ido 3 ko 4 ka rena shi a leda. Wajen dasawa ka zaɓi inda rana ke duka sosai kuma ruwa ba ya kwanciya, ka zuba ruɓaɓɓen taki a ramin, tazara kamar mita 3. Sai ka yi rumfa ka ɗaura waya inda kurangar za ta hau.

Sassabe, wato rage rassa, shi ne inda mutane ke jin tausayi, wallahi kar ka ji, idan damina ta ja baya ka rage rassan sosai don ’ya’yan su nuna da rani tunda ruwan sama ke kawo musu cutar fumfuna, in nonnan inabin suka yi yawa a reshe ɗaya ka cire wasu ko da ranka ba ya so.

Tsuntsaye kuwa sai ka sa raga. Kuma ka ɗanɗana kafin ka tsinka, inabi ba kamar mangwaro ba ne, in ya bar jikin kuranga ba ya ƙara zaƙi.