Yadda Ake Zaɓen Harshen Tsara Rubutu Idan Takardun Manhaja Na Ɗauke da Jadawali Masu Sarƙaƙiya

Yawancinmu ba zaɓar Markdown, harshen tsara rubutu da 'yan alamomi masu sauƙi, muka yi ba, a gabanmu muka tarar da shi. GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan manhaja, na nuna shi kai tsaye, kowa kuma ya iya. Sai ranar da aka zo tsara jadawalin da gida ɗaya, wato akwati ɗaya na jadawalin, zai haɗe layi huɗu, nan ido ke raina fata. Ga hanyar da nake bi kafin in yanke shawara tsakanin Markdown, reStructuredText da AsciiDoc.

Mataki na 1: Ɗauko jadawalinka mafi wahala. Kada ka gwada da mai sauƙi. A ce jadawalin lambobin kuskure ne na manhajar biyan kuɗi: gidan "matsalar shiga" ya sauko ya rufe layi huɗu, wani gida kuma na ɗauke da jerin matakai da guntun lamba, wato rubutun manhaja (code). Da shi za ka auna kowane harshe.

Mataki na 2: Rubuta shi da Markdown. Wanda John Gruber ya fitar a 2004 ba shi da jadawali sam. Wanda ake zanawa da sanda | ƙari ne, irin na GitHub, kuma ba ya haɗe gidaje, ba ya karɓar jeri a cikin gida. Wasu kan cusa HTML su wuce. A shafin intanet zai fito daidai, amma idan ka juya shi zuwa PDF ta hanyar LaTeX, manhajar tsara shafukan bugawa, jadawalin na iya watsewa. In jadawalinka bai wuce sunaye da adadi ba, tsaya a nan, Markdown ya ishe ka.

Mataki na 3: Gwada reStructuredText. Shi Sphinx, manhajar haɗa takardu, ke amfani da shi, takardun Python da shi aka rubuta su, na ƙwayar Linux (kernel) ma sun koma kansa a 2016. Jadawalinsa na raga, wanda ake zanawa da + da - da |, yana haɗe gida a tsaye da a kwance, yana kuma ɗaukar duk abin da ka zuba. Wahalar tana wajen gyara. Na taɓa ƙara kalma biyu a gida ɗaya, bangon ya goce, sai da na bi layi ɗaya bayan ɗaya ina daidaita sanduna har aka kira magariba. Abokin aikina da ya zo dubawa ya ga duk jadawalin ya canza launi a jerin canje-canje, ya rasa inda na taɓa. Akwai `list-table`, mai sauƙin gyara, sai dai ba ya haɗe gidaje. Masu Linux sai da suka ƙirƙiri nasu, `flat-table`, don toshe wannan giɓin.

Mataki na 4: Gwada AsciiDoc. Stuart Rackham ne ya fara shi a 2002, yau kuma da manhajar Asciidoctor aka fi sarrafa shi. Nan ba zane ake yi ba. Ka buɗe jadawali da `|===`, kowane gida ya zauna a layinsa. Ka sa `.4+|` gida ya sauko layi huɗu, `2+|` ya haɗe biyu a kwance, `a|` kuma ya ba ka damar saka jeri ko guntun lamba a ciki. A ganina, ga jadawali mai haɗe-haɗe shi ya fi dacewa, domin gyaran kalma ɗaya layi ɗaya kawai yake taɓawa.

Mataki na 5: Canza kalma ɗaya a kowanne, ka duba `git diff`, umarnin da ke nuna layukan da suka canza. Wannan gwajin nake ba muhimmanci fiye da sauran, saboda sau ɗaya ake rubuta takarda amma shekara da shekaru ana gyara ta.

Mataki na 6: Fitar da shi a HTML da PDF. Duba ko kan jadawalin na maimaituwa idan ya tsallaka shafi, sannan ka buɗe shi a waya.

Idan bayanan daga Excel suke zuwa, kada ka kwafe su da hannu. Ajiye su a fayil na CSV, ka jawo shi da `csv-table` a Sphinx, ko `format=csv` a AsciiDoc. In kuma aikinku na Python ne kuma Sphinx ya riga ya zauna, ban ga dalilin ƙaura don jadawali biyu ko uku ba. Zana su da raga ka haƙura. Wanda ƙaura ta kama shi, Pandoc, manhajar juya takarda daga wani tsari zuwa wani, zai ɗauke masa yawancin aikin juyawa, amma ya bi jadawalan da idonsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya goge tsofaffin fayiloli.