Yadda Ake Rubuta Mutumin da Ke Amsa Laifinsa da Wanda Ke Zillewa a Ƙagaggen Labari

Kafin ka fara babi na ɗaya, rubuta laifin a jimla guda: wa ya yi, me ya yi, wa ya cutu. Misali, wani ya karɓi rabon gadon ƙanwarsa da sunan zai juya mata, ya zuba a harkar da bai san kanta ba, kuɗin suka nutse. Idan jimlar ta ƙi fitowa sarai, kai ma ba ka tsayar da mai laifi ba tukuna, kuma mai karatu zai ji wannan raunin har ƙarshen littafi.

Daga nan ka tabbatar yana da zaɓi a lokacin da ya aikata. Sa wani ya gargaɗe shi a gaban mai karatu, ko mahaifiyarsa ko abokin kasuwancinsa, shi kuma ya toshe kunne. In babu wannan fitowar, abin ya zama tsautsayi, ba a kuwa tuhumar mutum da tsautsayi.

Babban aikin yana cikin bakinsa, kuma Hausa ta riga ta tanadar maka kayan aiki. Dubi tazarar da ke tsakanin "na fasa tulun" da "tulun ya fashe", ko "na ɓatar da kuɗin" da "kuɗin sun ɓace". A ta farko akwai mai aikatawa, a ta biyu ya ɓuya. Haka "an samu matsala", "aka yi rashin sa'a", "abin ne ya zo da haka". Mai zillewa yana zaune cikin "an" da "aka", yana gudun "na" kamar wuta. Saboda haka ka bi maganganunsa layi-layi, duk inda ya ce "na yi" kafin lokaci ya yi, ka cire. Ka adana wannan kalmar. Ranar da ƙanwar ta tsare shi ya buɗe baki ya ce "ni na ci kuɗinki", bayan babi goma yana cewa "kasuwa ce ta juya", mai karatu zai ji nauyinta ba tare da ka yi masa sharhi ba.

Zillewa hawa-hawa take, kada ka zube ta a shafi ɗaya. Da farko musu. In an kawo shaida sai ya rage girman abin: "ai ba wasu kuɗi ba ne." In hakan bai yi ba sai ya nemo abokin tarayya, ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, ita wa ya ce ta ba shi? Daga ƙarshe ya fake da ƙaddara ko sharrin Shaiɗan. Wannan hawa na ƙarshe yana son kulawa, domin yarda da ƙaddara gaskiya ce a wurin mutanenka da masu karatunka. Bambancin yana ga wanda ya furta. Idan ƙanwar da aka cuta ce ta ce "haka Allah Ya ƙaddara", haƙuri ne. Idan wanda ya ci kuɗin ne ya riga ta faɗa, mafaka ce. Sa wani dattijo a wurin ya yi shiru bai amsa masa ba, wannan shirun ya wadatar.

Ba shi damar faɗin gaskiya sau biyu aƙalla, ya bari ta wuce, kuma kowane karo farashin ya ƙaru: karon farko kunya kawai zai sha, karo na biyu an riga an sa ranar bikin ƙanwar ana jiran kuɗin kayan ɗaki.

Fitowar amsa laifi ita ce aka fi ɓatawa. A gidan Bahaushe babba ba ya cika zuwa ya zazzage zuciyarsa gaban ƙaramarsa. Zai iya aiko kawu, ko ya zo bayan isha'i ya tsaya a zaure ya kasa shiga, ko ya sayar da babur ɗinsa ya ajiye kuɗin a hannun mahaifiyarsu. Miji da ya je biko ma, zamansa a ƙasa gaban surukai ya fi dogon jawabi magana. Ka gwada fitowar da sharuɗɗan tuba da malamai ke karantarwa: nadama, barin laifin, ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Na huɗun ne ake mantawa. Tauraro ya yi kuka shafi uku, an yafe masa, ba a ga ko kwabo ya dawo ba. Tambayi kanka me ya rasa: kuɗi, girma, ko matsayinsa a gidan? In bai rasa komai ba, sake rubutawa.

Akwai ramuka biyu da marubuta ke yawan faɗawa. Na farko asiri: miji ya wulaƙanta uwargida shekara biyar, sai a babin ƙarshe a tono laya, a ce ba yin kansa ba ne. Nan marubucin ne ya zille a madadin tauraronsa, hawayen matar kuma suka tashi a banza. In labarinka na buƙatar boka, bar wa mijin wani abu da ya yi da hankalinsa kafin asirin. Na biyu gadon asibiti, inda mugu ke tuba don ya ga mutuwa. Tsoro ne ya yi aikin, shi bai zaɓi komai ba.

Ba dole kowa ya tuba ba. Gizo na tatsuniya yakan yi ɓarna ya sulale, yara kuma ba su taɓa ɗaukarsa mai gaskiya ba, domin sun ga wanda ya bari da wahala. Idan naka mai zillewar zai tsira, juya fitowar ƙarshe ga ƙanwar, a ga an kai ta ɗakin miji da gado na aro.