Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tuntuɓar Kundin 'Yan Kwangilar Rufi

Mutane iri biyu ne ke yawan aika saƙo ga shafukan intanet da ke jera sunayen 'yan kwangilar rufin gini, wato kundaye. Akwai ɗan kwangilar da ke son a sa sunan kamfaninsa ko a gyara masa wani bayani, akwai kuma mai gidan da rufinsa ke yoyo, yana son ya san ko wanda ya gani a jerin abin yarda ne. Dukkansu sukan faɗa cikin babban kuskure ɗaya, wato ɗaukar kundin tamkar hukuma.

Kundi ba ya ba da lasisi, ba ya sabunta shi, ba ya ƙwace shi. Kamfani ne mai zaman kansa ko ƙungiyar masu sana'a. Wasu sukan duba lasisin mutum ranar da ya yi rajista, wasu sukan sake dubawa lokaci zuwa lokaci, wasu kuwa abin da ɗan kwangila ya cike a fom shi suke ɗorawa. Lasisi na iya ƙarewa ko a dakatar da shi alhali sunan na nan daram a jerin, da tambarin "an tantance" a gefensa. Saboda haka tambayar "shin wannan yana da lasisi?" ba ta da amfani sosai. Ka tambayi masu kundin me tambarin yake nufi a wurinsu, a wace hukuma suka duba, kuma yaushe. Daga nan ka ɗauki lambar lasisin ka shiga shafin hukumar da kanka. Can za ka ga ko yana aiki, da sunan wa aka fitar da shi, da irin aikin da ya halatta.

Kuskuren da ke bin wannan shi ne tambayar lasisi ba tare da faɗin inda ginin yake ba. Dokar ba ɗaya ba ce, ko a cikin ƙasa guda. A Amurka kowace jiha da nata tsarin. A Kaliforniya hukumar CSLB ce ke ba da lasisi, rukunin masu rufi kuma shi ne C-39, kuma doka ta wajabta wa ɗan kwangila ya sa lambar lasisinsa a tallarsa. A Fulorida akwai wanda lasisinsa ya ba shi damar aiki a duk faɗin jihar, akwai wanda aka yi wa rajista don wani yanki kaɗai. A Tekzas kuwa gwamnatin jiha ba ta neman lasisin rufi, sai dai ƙungiyar masu sana'ar, RCAT, tana da nata na ganin dama. A Ingila ma babu lasisin gwamnati na musamman don rufi, shi ya sa mutane ke duba ko kamfani ɗan ƙungiyar masu sana'ar ne irin NFRC. Don haka gurbin lasisi da aka bari fayau ba lallai alamar damfara ba ce, lambar da aka rubuta kuma tana iya zama ta wata jiha dabam wadda ba ta aiki a inda kake. Ka faɗi gari da jiha a layin farko na saƙonka, ka kuma faɗi ko sabon rufi ne ko gyara, gidan zama ne ko ginin kasuwanci.

Akwai kuma cakuɗa takardu. Rajistar kamfani dabam, lasisin sana'a dabam, izinin gini da ƙaramar hukuma ke bayarwa don aiki guda shi ma dabam. Tambarin masana'anta, irin GAF Master Elite, yana nuna cewa kamfanin da ke ƙera kayan rufin ya amince da ɗan kwangilar, amma ba takardar gwamnati ba ce. Wadda aka fi mantawa da ita, kuma ni ita ta fi damuna, ita ce inshora. Aikin rufi aiki ne na hawa sama, faɗowa ɗaya na iya karya mutum har abada. Akwai inshorar ɓarnar da aiki ka iya yi wa gida ko maƙwabta, akwai ta diyyar ma'aikaci idan ya ji rauni. Kaliforniya ta ɗauki abin da nauyi har ta wajabta wa masu lasisin C-39 inshorar diyyar ma'aikata ko da ba su da ma'aikaci ko ɗaya. Kundi na iya rubuta "yana da inshora" bai faɗi wacce ba. Ka nemi takardar shaidar daga hannun ɗan kwangilar, ka duba ranar ƙarewarta, ka kira kamfanin inshorar ka tabbatar tana nan da ranta.

Su ma 'yan kwangila suna da nasu kurakuran. Saƙon da aka fi aikawa shi ne irin wannan: "Bayanin kamfanina ba daidai ba ne, a gyara." Babu adireshin shafin, babu abin da za a gyara, an kuma turo shi daga imel ɗin da bai da alaƙa da kamfanin. Wanda ya buɗe saƙon bai san ko mai kamfanin ne ko abokin hamayyarsa ba, dole ya mayar da tambayoyi, kwanaki su wuce. Ga yadda ya kamata: "Ni ne mai kamfani kaza, ga adireshin shafinmu a kundinku. Lambar wayar da ke kai tsohuwa ce, ga sabuwar. An juya lambobi biyu na ƙarshe a lambar lasisi, an rubuta 74 maimakon 47. Ga shafin hukuma inda za ku tabbatar." Wannan ana iya gama shi a zama ɗaya.

Sunan ma yakan kawo cikas. Sau da yawa lasisi na ɗauke da sunan mutum ko cikakken sunan rajista, a jikin mota kuma sunan kasuwanci ne. Idan ka ba kundin na jikin mota kaɗai, za su duba a hukuma su rasa, su ajiye buƙatarka. Ba su duka biyun, ka bayyana alaƙarsu. Kafin ka buɗe sabon shafi kuma, bincika ko akwai tsoho da sunanka, domin kundaye da yawa na tattara bayanai da kansu. Shafi biyu na raba ra'ayoyin abokan ciniki gida biyu, ɗaya kuma ya ci gaba da nuna lambar da ta mutu. Ka nemi a miƙa maka tsohon, ko a haɗe su.

Batun kuɗi a tambaye shi a rubuce tun kafin a biya: sa suna kyauta ne ko da kuɗi, zama a saman jerin saye ake yi, mutum nawa ake tura wa buƙatar mai gida ɗaya, kuma ko biyan yana sabunta kansa. Idan saƙo ya zo cewa rajistarka ta kusa ƙarewa, ka biya yanzu-yanzu, kada ka latsa komai a cikinsa. Shiga shafin kundin kai tsaye ka duba.

Neman a goge ra'ayi don kawai ya yi ɗaci ɓata lokaci ne. Abin da kundi kan saurara shi ne hujjar cewa marubucin bai taɓa ba ka aiki ba, ko ya karya ƙa'idar shafin. Sayen yabo kuma kada ma a fara, domin a 2024 hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu saye, ta fitar da ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da ra'ayoyin bogi.

Mai gidan da aka yi wa aikin banza yakan kai kukansa ga kundin ya tsaya nan. Iyakar abin da za su iya shi ne cire suna ko tambari. Hukumar lasisi, ko ofishin kare haƙƙin masu saye a inda babu lasisi, su ke da ikon bincike da hukunci. Kai ƙorafin can tukuna, da kwantiragi da rasit da hotunan rufin, sannan ka aika wa kundin lambar ƙorafin.