Yadda ake buɗe wa VM ma'aunan aikin firosesa a Hyper-V

Idan ka buga `perf stat`, umarnin auna aikin manhaja, a cikin Linux ɗin da ke zaune a Hyper-V, manhajar Windows mai gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta, ka ga layin cycles da na instructions sun fito da `<not supported>`, kada ka ɓata dare kana cire perf kana sake saka shi. Ba shi da laifi. Firosesa tana da ƙananan ma'aunai a jikinta masu ƙirga umarni nawa ta gudanar, sau nawa ta nemi abu a cache ta rasa, sau nawa ta yi hasashen reshe, wato hanyar da manhaja za ta bi, ta kuskure. Hyper-V yana ɓoye wa baƙuwar kwamfuta, wato VM, waɗannan ma'aunan, sai kai mai masauki ka ce a buɗe. Kuma ba za ka ga wurin danna wannan a Hyper-V Manager ba, aikin PowerShell ne.

Da farko duba abin da kake da shi. Firosesa ta zama ta Intel. Windows kuma ta kai Windows 10 siga 1809 ko Windows Server 2019. Idan kana son ipt, ɗaya daga cikin abubuwa huɗun da ake iya buɗewa, sai 1903 zuwa sama. Buga `winver` ka gani. Sannan `Get-VM | Select Name, Version`. VM ɗin da aka ƙirƙira tun da daɗewa, mai siga ƙasa da 9.0, sai an ɗaga ta da `Update-VMVersion`, kuma wannan ɗagawar ba ta komawa baya, don haka ka ajiye kwafi tukuna.

Mataki na biyu shi ne kashe VM ɗin, kuma mutane da yawa nan suke tuntuɓe. Rufe tagar da kake kallonta ba kashewa ba ne, tana nan tana aiki. Idan kuma ka kashe babbar kwamfutar jiya da dare, Hyper-V bisa al'adarsa ajiye halin da VM take ciki yake yi, sai ka tarar da ita a Saved, ko ta sake tashi da kanta. Saved ba Off ba ne. Tashe ta, ka kashe ta daga ciki ko da `Stop-VM -Name Gwaji`, ka tabbata State ya nuna Off. Gwaji sunan tawa ke nan, ka sa sunan taka. PowerShell ɗin kuma a buɗe shi da ikon administrator.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Umarnin da kowa yake kwafowa shi ne wannan:

`Set-VMProcessor Gwaji -Perfmon 'ipt','pmu','lbr','pebs'`

Kada ka fara da shi. Idan ka nemi abin da firosesarka ba ta da shi, VM za ta ƙi tashi, mai koyo kuma sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka faifan ya lalace, har wani ya goge VM ɗin ya fara daga farko. Alhali layi ɗaya ke warware matsalar:

`Set-VMProcessor Gwaji -Perfmon @()`

Wannan yana rufe duka, VM ta tashi kamar da. Ka rubuta shi a gefe kafin ka taɓa komai.

Ni ƙa'idata ɗaya bayan ɗaya. Fara da `-Perfmon 'pmu'` kaɗai, ka tashe ta, ka gwada. pmu shi ne ma'aunan nan na firosesa, shi ne tushe, sauran ukun ba a kunna su ba tare da shi ba, kuma gaskiya yawancin masu neman sanin dalilin jinkirin manhajarsu shi kaɗai ya ishe su. In ya yi, kashe ta, ka ba da `'pmu','lbr'`. Kullum ka rubuta jerin gaba ɗaya, har da waɗanda ka riga ka kunna. lbr yana riƙe tarihin rassan da firosesa ta bi na baya-bayan nan, 32 a Skylake, 16 a Haswell, kuma shi `perf record -b` ke amfani da shi. pebs shi ke nuna maka ainihin umarnin da ya jawo abin da aka ƙirga, ba na kusa da shi ba, amma yana bukatar PMU siga ta 4, wato daga Skylake, zuriya ta shida da ta fito a 2015. Mai laftof ɗin gwanjo da i5-4300U a ciki ya haƙura da pebs. Mai i5-6300U ya gwada. Ba zan ce ka sayi sabuwar kwamfuta saboda wannan ba, kuɗin bai kai amfanin ba sai in sana'arka ce. Shi kuwa ipt, mai bin sawun gudun manhaja daki-daki, yana son wata dama ta musamman da ba kowace firosesa ke da ita ba, kuma shi na fara zargi duk sanda VM ta ƙi tashi. In ba ka san me za ka yi da shi ba, bar shi.

Don ganin abin da ya zauna: `Get-VMProcessor Gwaji | Format-List *Perfmon*`. Amma shaida ta gaskiya tana cikin baƙuwar. A Linux buga `sudo dmesg | grep "Performance Events"`. Idan layin ya ƙare da `no PMU driver, software events only`, ba a buɗe ba. Idan ya ce `Intel PMU driver`, an dace. Sai `sudo perf stat -e cycles,instructions sleep 1`, ka ga lambobi sun maye gurbin saƙon `<not supported>`. A Ubuntu perf yana cikin `linux-tools-$(uname -r)`, kuma ka sa sudo, in ba haka ba zai yi ƙorafin izini ka zaci Hyper-V ne.

Ma'aunan kaɗan ne, don haka kada ka jera abubuwa ashirin a umarni ɗaya. Perf zai riƙa ba su bi da bi ya cike sauran da ƙiyasi, kason da yake nunawa a ƙarshen layi ke nan. Kuma VM mai waɗannan ma'aunai a buɗe kada ka ɗauke ta tana aiki, ko tana Saved, zuwa wata kwamfutar mai firosesa daban, don ma'aunan sun bambanta daga zuriya zuwa zuriya. Kashe ta, rufe su da `@()`, sannan ka matsar da ita.