Yadda za ka samu zaman masu barin giya a Damagaram

A Damagaram ba za ka ga allo a bakin titi da ke nuna inda masu barin giya suke haɗuwa ba. Gari ne da kowa ya san gidan kowa, daga Birni har Zango, kuma mai sha ya fi tsoron bakin mutane a kan ciwon hanta. Irin wannan zama da baki ake nemansa, wurin waɗanda suka iya riƙe sirri.

Kafin komai, ɗan'uwa, ka fara da asibiti. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke rana ɗaya jikinsa na iya tayarwa: rawar hannu, gumi da rashin barci cikin awa 6 zuwa 24, wani har da farfaɗiya. Mafi hatsari shi ne ruɗewar da kan zo a kwana na 2 ko na 3, mutum ya riƙa ganin abin da babu shi, kuma tana iya kisa. A gida sai a ce iska ce, a tsaya turare, alhali magani gare ta. Je CSI (ƙaramin asibiti) na unguwarku, ko na wata unguwa in kana jin nauyi, ka gaya wa majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, gaskiyar abin da kake sha da yawansa. In kana haɗawa da tramol, faɗi. Shi zai duba ko sai an tura ka babban asibitin ƙasa na Damagaram.

A nan kuma za ka yi tambayar farko. Kada ka tsaya kan neman ƙungiya da suna. Ce masa: "Majo, akwai wanda ya bar sha da zai yarda mu zauna da shi?" Ma'aikatan lafiya, musamman masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, sun san waɗanda suka bi ta hannunsu suka tsaya da ƙafarsu. Ba za su ba ka sunan kowa ba, kuma daidai ne. Bar lambarka, su isar. Haka za ka yi da limamin da ka yarda da shi, ko fasto in kai Kirista ne. Zaɓi malamin da ya san hadisin mutumin nan da ake yawan kawowa kan shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Wanda zai mai da kai huɗubar Juma'a, gaishe shi ka wuce.

Sai waya. Ƙungiyar da ta fi yaɗuwa a duniya kan wannan aiki ita ce AA, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a Akron ta Amurka a 1935. Rubuta cikakken sunanta da Faransanci, Alcooliques Anonymes, a intanet, za ka ga jerin zaman da ake yi da Faransanci ta Zoom. Ba a biyan ko dala, sharaɗin shiga kawai son barin sha, kana iya rufe kyamara ka saurara ba ka ce uffan ba. Lura da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa na gabanmu da awa ɗaya, sauran watanni lokacinmu ɗaya. Akwai zaman mata zalla, abin da zai yi wa 'yar'uwa sauƙi, tunda nata ɓoyon ya ninka na namiji. Iyali kuma suna da nasu, Al-Anon.

In an nuna maka wani wuri, je ka gani da idonka. Zama na gari ba shi da wuyar ganewa: masu magana su ma sun sha, kowa labarin kansa yake bayarwa, ba mai katse wani, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita. Wa'azi na da amfaninsa, amma wani abu ne daban. Inda aka nemi jikkuna kafin a saurare ka, ko aka yi alkawarin sassaƙen da zai cire sha'awar giya cikin mako, juya. Inda ake ɗaure mutum da mari kuwa, kada ka kai ɗanka ko ƙanenka. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin wannan gida a Kaduna, da tabon duka a jikinsu.

In ka bincika ba ka dace ba, kai ne za ka fara. A ƙa'idar AA, mutum biyu ko uku da suka haɗu don barin sha sun zama ƙungiya. Nemi ɗaki mai ƙofa, ba dakalin fadar da samari ke hira ba, don fada kunnuwa gare ta. Ku tsai da rana ɗaya a mako, awa ɗaya, kuma ku sa ta daidai lokacin da ƙafa ta saba ɗaukarku zuwa wurin sha, wanda ga yawancin mutane bayan Isha'i ne. A ɗora shayi, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, a yi musayar lamba don daren da sha'awa ta taso. Wanda ya koma sha a tsakani, kada a kore shi, a tambaye shi abin da ya faru a ranar. In kuma ya sha da yawa kwanaki a jere, ɗayanku ya raka shi wurin majo kafin ya sake yankewa.