Bayan tiyatar matsarmama: kurakuran da ke hana majinyaci tashi da wuri

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne a bar bayanin tashi da takawa sai an fito da mutum daga ɗakin tiyata, maganin barci bai gama sakinsa ba. A wannan hali ko me aka faɗa masa shiga yake ta kunnen dama ya fita ta hagu. Tun ranar da aka sa aikin ya kamata a gaya masa cewa, idan likita ya amince, a ranar da aka yi aikin zai zauna bakin gado, ya kuma ɗan taka.

Sai mantawa da mai jinya, wato wadda ke zaune da majinyaci tana kula da shi. Ma'aikaciyar jinya ta gama bayani ta fita, Inna ta gyara zani ta ce, "Kwanta abinka, kada ɗinki ya farke." Maganarta kuwa za a bi. Don haka a haɗa da ita, a nuna mata cewa tafiya a hankali ba ta farka ɗinki. Doguwar kwanciya ce ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, majina ta taru a huhu, hanji ya yi nauyi.

Wasu kuma zumbur suke miƙewa, jiri ya kwashe su, daga nan tsoro ya shiga. A sha maganin raɗaɗi kamar minti 30 kafin a tashi. A juya gefe, a sauko da ƙafafu, a dogara da hannu, a zauna har jirin ya wuce. Idan tari ya zo a danne wurin aikin da filo.

Ciwon kafaɗar dama na firgita waɗanda aka yi wa aikin huji uku ko huɗu da kyamara. Iskar da aka hura cikin da ita ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, yakan lafa cikin 'yan kwanaki.

A gida kuma akwai masu wuce gona da iri: daka, jan ruwa a rijiya, ɗaukar jarka. Wanda aka tsaga ƙarƙashin haƙarƙari yakan kai mako 6 kafin waɗannan. Idan sujada na jan wurin, a yi salla a zaune. Zazzaɓi, ido ya yi rawaya, ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya gagara, a koma asibiti nan take.