Albashinka na farko da rayuwar kai kaɗai

Ɗan'uwa, in ka fara zaman kanka ba mai tashinka addu'ar safe kuma, to sa alam a waya, karanta sura ɗaya ta Littafi Mai Tsarki kafin ka buɗe WhatsApp. Littafin Karin Magana da ke cikinsa sura 31 ne, kullum ɗaya ta kai ka ƙarshen wata.

In albashi ya shigo, ware zakka da kuɗin haya ran nan, kar ka ce sai gobe, don kuɗi a hannu narkewa suke. Bashi kuwa ka guje shi sosai, Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawan mai ba shi ne.

Sannan nemi coci kusa, shiga zumuntar matasa, ka samu dattijo ɗaya da za ka riƙa gaya wa gaskiyar halinka.